Man giyar motata ya yi duhu: in canza shi da filta, ko in bar shi yadda yake?

Mai Tafiyar Nesa ya rubuta:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka san aikin giyabos na otomatik, domin na shiga ruɗani a kan abin da na ɗauka ƙaramin aiki ne. Motata ƙirar 2009 ce mai giya biyar, na saye ta a hannun wani shekara biyu da suka wuce, kuma a yanzu mitarta tana nuna kilomita 148,000. Ban taɓa yin sakaci da juyen baƙin mai ba, amma maganar gaskiya man giya ko duba shi ban taɓa yi ba, wanda ya sayar mini da motar kuma ya kasa tuna ko an taɓa canza shi a hannunsa.

Abin da ya ja hankalina shi ne, kusan wata guda ke nan, idan na tayar da motar da sassafe na sa ta a D, sai ta yi shiru na kamar daƙiƙa biyu kafin giyar ta kama, sannan ta ɗan zabura. Da zarar inji ya yi zafi jinkirin yakan ɓace, a kan hanya kuma tana canza giya lafiya lau. Jiya na zaro gejin man giya na ɗiga a kan farar takarda. Man bai yi baƙi ba, amma ya bar jan da na sani, ya koma launin ƙasa mai duhu, sai a bakin ɗigon ne ake ganin ɗan sauran ja. Na sansana shi, ban ji ƙauri ba.

Na nuna wa makanikai biyu, kowa da tasa. Na farko ya ce kada in kuskura in taɓa shi, wai tsohon man ne yake riƙe da giyabos ɗin, ranar da aka zuba sabo ranar motar za ta daina tafiya. Na biyu ya ce a haɗa ta da na'ura a wanke giyabos ɗin tas, a kori tsohon man gaba ɗaya, filta kuwa ba sai an taɓa ta ba. Ni nake yi wa motar juyen baƙin mai da hannuna, ina da kayan aiki daidai gwargwado, saboda haka zan so in yi wannan ma da kaina idan bai fi ƙarfina ba. Wanne ne daidai a cikin maganganun nan biyu, kuma idan canzawar ce, yaya ake yin ta ba tare da an yi ɓarna ba?

Tsohon Bakanike ya rubuta:

Wa alaikumus salam, Malam. Ka kyauta da ka ɗiga man a kan takarda kuma ka sansana shi kafin ka tambaya, domin rabin amsar tana cikin abin da ka gani ɗin nan. A ganina makanikan naka biyu babu wanda ya faɗa maka abin da ya dace da motarka, kuma zan faɗi dalili.

A giyabos na manuwal aikin mai bai wuce ya shafe haƙoran ƙarfe ba. A na otomatik kuwa man shi ne kusan komai. Shi yake ɗaukar ƙarfin inji a cikin kanbata, wato wannan ƙullutun ƙarfe mai kama da ƙwarya biyu a kife da ke tsakanin inji da giyabos. Shi famfo yake turawa da ƙarfi ya matse faya-fayan kuloci, waɗanda muke kira faiba, duk lokacin da za a shiga wata giya. Shi ne kuma yake kwashe zafi ya kai wa lagireto. Zafi da tsufa suna cinye sinadaran da ke cikinsa, faiba tana zubar da gari a hankali, garin nan yana taruwa a filta. Da safe mai yana da kauri, idan filta ta fara toshewa famfo yakan sha wahalar zuƙo shi, sai giya ta yi jinkirin kamawa. Ba shi ne kaɗai abin da ke jawo jinkiri ba, domin ƙarancin mai ko bushewar robobin ciki su ma suna yin haka, don haka ka fara auna man yadda littafin motarka ya ce. Amma mai launin ƙasa, marar ƙauri, a motar da giyarta ba ta sulɓewa a kan hanya, wato inji ba ya ɗaga murya kafin giya ta kama, mai ne da ya gaji a cikin giyabos mai sauran lafiya. Irin wannan ake canzawa. Hanyar da nake bi ita ce a sauke kaskon ƙasan giyabos, a canza filta da gasket, wato abin da ke hana yoyo tsakanin kaskon da giyabos, a mayar da sabon mai daidai abin da ya fita.

Kafin ka kwance ko noti ɗaya, ka tabbata mai, filta da gasket suna gabanka, kuma ka gwada sabuwar filtar da lambar giyabos ɗinka, ba da sunan motar kawai ba, saboda mota iri ɗaya takan zo da giyabos iri biyu. Ka ɗan zaga da motar na minti goma man ya yi ɗumi ya tsinke, amma ka bar ta ta huce kaɗan, domin man giya mai zafi yana saɓule fata. Ka ɗora ta a kan rami ko a kan ƙafafun ƙarfe masu ƙarfi, ta zauna daidai ba a karkace ba. Kada ka shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ya ɗaga, ko da na minti ɗaya ne. Ka goge kewayen kaskon sosai, domin ƙwayar yashi ɗaya tana iya maƙale bawul, wato ɗan ƙarfen da ke buɗe wa mai hanya yana rufewa a cikin giyabos.

Idan kaskon yana da notin zubar da mai, ka yi sa'a, sai ka fara da shi. Idan babu, ga dabarar: ka sassauta notunan duka, ka cire na ɓangare uku, ka bar biyu ko uku a kusurwa ɗaya a sassauce, sannan ka ɗan ɓamɓare ɗaya kusurwar yadda kaskon zai sunkuya man ya gangaro ta waje guda. Wanda ya cire notuna duka a lokaci ɗaya, lita uku ko huɗu za su sauko masa a ƙirji. Ka tara man a cikin faffaɗan mazubi mai tsabta, domin za ka auna shi daga baya.

Idan kaskon ya sauko kada ka yi gaggawar wanke shi. Ka fito da shi cikin haske ka duba, domin a nan ne giyabos yake faɗin gaskiyar halinsa, gani kuwa ya kori ji. A gindinsa za ka tarar da maganaɗisu ɗaya ko biyu. Idan abin da ya lulluɓe su laushi ne mai launin toka, wanda idan ka murza tsakanin yatsu za ka ji shi kamar kwalli da aka kwaɓa da mai, wannan cin ƙarfe ne na yau da kullum, babu damuwa. Idan kuwa ka ji tsini yana sukar yatsa, ko ka ga ɓarɓashi mai ƙyalli kamar tagulla, ko baƙaƙen ɓawo-ɓawo masu yawa, to wani abu yana ci a ciki, sabon mai ba zai gyara shi ba.

Filta a wasu motocin notuna ne suke riƙe da ita, a wasu kuma cusa wuyanta aka yi a rami, sai an murɗa an ja. Akwai sauran mai a cikinta, ka kauce da fuskarka. Abin da ya fi kayar da masu koyo shi ne zoben robar da ke wuyan filtar: sau da yawa tsohon yakan maƙale a cikin ramin, mutum bai lura ba ya cusa sabuwar filta da nata zoben a kansa. Zobe biyu ba sa zama, famfo zai riƙa zuƙar iska, giya ta ƙi kamawa. Ka haska ramin da tocila, ka ciro tsohon ba tare da ka karce bangon ba, ka shafa wa sabon ɗan man giya kafin ka tura shi.

Ka wanke kaskon da maganaɗisun, ka bar su su bushe, kada ka goge da tsumma mai zubar da zare. Ka mayar da maganaɗisun a mazauninsu. Gasket na roba ba ya buƙatar gam. Inda masana'anta suka yi amfani da gam tun asali, siririn layi ya isa, domin wanda ya yi yawa ciki yake tsattsafowa ya gutsure ya toshe filtar da ka saka yanzu. Ka ɗaura notunan da yatsa tukuna, sannan ka bi su a gicciye. Ƙananan notuna ne, mafi yawansu ƙarfin ɗaurinsu bai wuce niyuton-mita 8 zuwa 12 ba, sai dai ka duba adadin motarka. Ƙarfin damtse a nan ɓarna yake yi, yana lanƙwasa leɓen kasko ko ya cinye zaren alminiyom.

Daga nan ka auna abin da ya fita, ka zuba daidai shi ta bututun geji da mazurari mai tsabta. Ka tayar da inji, ƙafarka a kan birki, ka bi P, R, N, D da sauran ɗaya bayan ɗaya, kana tsayawa daƙiƙa kaɗan a kowace, ka dawo P, sannan ka auna. Ka sani cewa ba duka man ne ya fita ba. Kanbata da bututun sanyaya mai suna riƙe da kaso mai yawa, abin da ke sauka ta kasko bai cika wuce kashi ɗaya cikin uku zuwa rabi ba. Idan giyabos ɗinka yana cin lita 8 kuma 4 suka fita, rabin man tsoho ne har yanzu; idan ka sake juyewa bayan ka yi tafiya, tsohon ya koma kashi 25 cikin ɗari, a karo na uku ya koma wajen 12. Ni wannan sannu-sannun na fi so a motar da ba a san tarihinta ba.

Direban Haya ya rubuta:

Baba, da girmanka, amma ni ina bayan makaniken farko, domin abin nan a kaina ya faru, ba labari aka ba ni ba. Motar da nake aiki da ita a da ta haura kilomita 260,000 ba a taɓa buɗe giyabos ɗinta ba. Man ya yi baƙi ƙirin, yana ƙauri, kuma takan ɗan yi gurnani tsakanin giya ta biyu da ta uku, inji ya ɗaga murya kafin ta kama, amma dai tana kai ni tana dawo da ni kullum. Wani abokin aiki ya matsa mini cewa sabon mai zai warware matsalar, na kai ta aka juye aka saka filta sabuwa. Kwana uku na farko na ji daɗinta. Kafin mako biyu su cika, ina cikin cunkoson motoci a kan gangare, na taka totur inji ya yi ta ƙara mota ba ta motsa ba, sai turawa aka yi. Ƙarshenta sai da aka sauke giyabos ɗin gaba ɗaya. Na yi gudun gara na faɗa wa zago.

Tun daga lokacin na ɗauki ƙa'ida cewa giyabos ɗin da aka daɗe ba a taɓa ba, a bar shi ya ƙarasa kwanansa. Jinkirin daƙiƙa biyu da safe ba abin da zai hana mutum barci ba ne, Malam, sai ka tayar da mota ka ɗan jira ta. Idan ka buɗe ta ta lalace, ba ka da wanda za ka kama sai kanka.

Uwar 'Yan Biyu ta rubuta:

Ni ba makanikiya ba ce, amma na sha wahalar abu ɗaya da nake ganin ba a tsaya a kansa sosai ba a nan, wato irin man da za a zuba. An taɓa canza mini man giya a wani gareji, na tambayi yaron da ya yi aikin wane iri ya saka, sai ya ce mini ai man otomatik duk ɗaya ne, ja ne. Bayan 'yan kwanaki motar ta fara wata karkarwa idan ina tafiya a hankali tsakanin kilomita 60 da 70 a sa'a, kamar ina bi ta kan ƙananan kunyoyi, alhali titin sumul yake. An duba tayoyi, an duba filogi, ba a ga komai ba. Sai da na zauna na karanta littafin motar da kaina na gane cewa man da aka zuba ba shi masana'anta suka rubuta ba. Aka juye sau biyu da wanda ya dace, karkarwar ta tafi.

Jan launin nan rini ne kawai da ake sakawa don a bambanta shi da baƙin mai idan yana yoyo, ba ya nuna komai game da halin man, wasu ma ba ja ba ne. Kowane kamfani yana da ma'auninsa na kauri da na santsi, kuma an ƙera faibar giyabos ɗin ne a kan wannan ma'aunin. General Motors suna da man da ake kira Dexron, kamar Dexron VI. Ford suna da Mercon V da Mercon LV, waɗanda ba a musanya su da juna. Toyota suna da T-IV a tsofaffin motocinsu da WS a na baya-bayan nan. Honda sun maye gurbin ATF-Z1 da DW-1. Chrysler kuma ATF+4. Sau da yawa sunan yana rubuce a jikin gejin ko a kan murfinsa. Mai motar da giyarta CVT ce, wato otomatik ɗin da ba shi da matakan giya ɗaya, biyu, uku, ya ƙara kula, domin nata man daban ne ɗungurum, kamar NS-2 da NS-3 na Nissan, kuma zuba mata man otomatik na yau da kullum yana iya kashe ta cikin ɗan lokaci.

Abu na biyu shi ne awo. Man giya yana kumbura idan ya yi zafi, shi ya sa geji yake da alamar sanyi da ta zafi, kuma ta zafin ce abin dogaro. Yawancin motoci ana auna su inji yana aiki, amma yawancin tsofaffin Honda sai an kashe inji a auna nan take, su kuma galibi ba su da kaskon da ake saukewa, notin zubarwa kawai gare su. Motar da nake hawa yanzu ba ta da geji sam. Irin waɗannan ana cika su ne ta wani noti a gefe, a bar rarar ta tsiyaye ta wani rami yayin da man yake a wani zafi na musamman, wanda a motoci da yawa yakan faɗa tsakanin digiri 35 da 50 a ma'aunin Selsiyos, kuma galibi da kwamfutar duba mota ake sanin an kai wurin. Duk mai irin wannan motar ya fara kwance notin cikawa kafin na zubarwa, domin idan ya zubar da mai sannan na cikawar ya ƙi kwancewa, ya zauna ke nan. Wasu kuma, kamar giyabos ɗin kamfanin ZF mai giya shida da mai takwas, kaskonsu na roba ne da filta a haɗe a jikinsa, don haka kaskon ake canzawa ɗungurum.

Kada kuma a ruɗu da cewa an rubuta man na tsawon ran mota ne. Ran da suke nufi ba lallai ne ya kai wanda mai motar yake fata ba. Littattafai da yawa suna da jadawali na biyu na aiki mai tsanani, kamar jan tirela, yawan tsayawa a cunkoso, da tuƙi cikin zafi, kuma a nan za ka ga an rubuta a canza shi.

Tsohon Bakanike ya rubuta:

Hajiya ta cike mini gurbin da na bari, kuma duk abin da ta faɗa haka yake. Zan ƙara da cewa cika mai fiye da ƙima shi ma cuta ne, domin ƙarafan da ke juyawa suna kaɗa shi ya yi kumfa, kumfa kuwa ba ta matse kuloci.

Ɗan'uwa direba, na yarda abin da ka faɗa ya faru, na kuma ga irinsa ba sau ɗaya ba, amma ka sake karanta bayaninka. Man ya yi baƙi, yana ƙauri, inji yana ɗaga murya tsakanin giya biyu kafin ta kama. Wannan sulɓewa ce, ma'ana faibar ta riga ta cinye tun kafin a taɓa noti. A irin wannan halin garin faibar da ke yawo a cikin tsohon mai yana ba shi kauri da ɗan kaushi, shi ne yake taimaka wa faya-fayan da suka zama sumul su ɗan riƙe juna. Da aka zuba mai tsabta, sai ɗan abin da suke dogara da shi ya tafi. Sabon mai bai kashe giyabos ɗinka ba, ya dai tona asirin cewa ya riga ya mutu, kuma da ka bar shi ma watanni kaɗan ne suka rage masa. Maganar nan ta yaɗu ne saboda yawancin mutane ba sa tuna man giya sai ranar da giya ta fara ba su matsala, sai canjin man ya zama abu na ƙarshe da aka yi kafin ta tsaya, laifi ya hau kansa. Da motarka aka kawo mini, ni ma zan ce kada a ɓata mai, a fara shirin gyara. Ta Malam ba ta kai nan ba. Idan ya bi ƙa'idarka, shi da kansa zai kai ta inda taka ta kai.

Game da wanki da na'ura, ban ce haramun ba ne. Na'urar kirki tana musanya mai ne ta bututun sanyayawa, kuma tana fitar da kusan duka tsohon. Abin da ya sa ban ba Malam shawararsa ba shi ne, ba a sauke kasko, ke nan tsohuwar filta tana nan, dattin maganaɗisu yana nan, kuma babu wanda ya leƙa ya ga halin da ciki yake. Wasu kuma sukan zuba sinadarin wanki, wanda yake ɓamɓaro dattin shekaru a lokaci ɗaya ya tura shi cikin ƙananan hanyoyin bawul. Kamfanin Honda ma juyewa da cikawa sau da yawa yake umarta a motocinsa maimakon wankin na'ura.

Akwai launi ɗaya da ban ambata ba. Idan mutum ya ga man ya koma ruwan hoda mai kauri kamar an zuba masa madara, ruwan lagireto ne ya shiga ta inda ake sanyaya shi. Wannan ya ajiye motar nan take, domin ruwa yana saki gam ɗin da ke riƙe da faiba, kuma canza mai ba tare da an gyara lagireton ba aikin banza ne.

Mai Tafiyar Nesa ya rubuta:

Na gode muku duka, Allah ya saka da alheri. Na yi aikin ranar hutun da ta wuce, ga kuma yadda ta kaya. Na bi maganar Hajiya na duba gejin, na tarar sunan man yana rubuce a jikinsa, ya kuma yi daidai da na littafin, shi na nema. Kaskon nawa ba shi da notin zubarwa, don haka na yi dabarar barin notuna a kusurwa ɗaya, duk da haka sai da man ya bi ta gwiwar hannuna ya jiƙa mini riga. Da na auna abin da ya fita har da na cikin filta, lita 3.8 ne.

Maganaɗisu biyu na tarar, kowanne ya yi gashi da wannan laushin mai launin toka, har siffarsa ta ɓace. Na murza a yatsa kamar yadda Baba ya ce, ban ji tsini ba, ban kuma ga ƙyalli ba, sai wani siririn baƙin ƙura-ƙura a gindin kaskon wanda yatsa ke share shi. Tsohuwar filtar ta fi sabuwar nauyi a hannu sosai. Baba, zoben robar nan da ka yi gargaɗi a kansa ya maƙale a ramin kuwa, kuma saboda ya yi baƙi ya saje da ƙarfen, da ban haska da tocila ba da na cusa sabuwar a kansa. Ya bushe har ya tsage lokacin da nake ciro shi, abin da ya sa nake zargin ko ta nan ma iska take shiga da safe.

Kuskure ɗaya na yi. Bayan na zuba lita 3.8 na auna tun man bai yi zafi ba, na ga kamar bai kai ba, na ƙara kusan rabin lita. Da na yi tafiyar kilomita 15 na dawo na sake aunawa, sai na ga ya haura alamar zafi da kusan faɗin yatsa, ga ƙananan kumfa a jikin gejin. Na sami siririyar tiyo mai tsabta da babban sirinji na zuƙe rarar ta bututun gejin kaɗan-kaɗan har ya sauko tsakiyar alamar. Washegari na shimfiɗa kwali a ƙarƙashin motar ta kwana a kai, babu ɗigo ko ɗaya.

Yau kwana tara ke nan. Jinkirin safe ya ragu, bai kai daƙiƙa ɗaya ba, zaburar kuma ta tafi, ko da yake ba zan ce ya ɓace gaba ɗaya ba. Man a kan takarda yanzu ja ne mai duhu. Ina so in sake juyewa kamar yadda aka ba ni shawara. Shin sai na sake sauke kaskon da canza filta, kuma bayan tafiyar nawa ya kamata in yi?

Tsohon Bakanike ya rubuta:

Madalla, Malam, aikinka ya yi kyau. Ba sai ka sake sauke kasko ba, filtar nan sabuwa ce, gasket ɗin kuma ya zauna, kada ka tashe shi. Ka bari ka yi kamar kilomita 500 zuwa 1,000, sannan ka zuƙe man ta bututun gejin da tiyon nan taka, sai dai ka nemi ɗan famfon hannu maimakon sirinji, in ba haka ba za ka wuni a wurin. Ka auna abin da ya fito, ka mayar da daidai shi, wannan karon kuma kada ka ƙara ko ɗigo sai ka yi tafiya man ya yi zafi. Tsohon man ka zuba shi a jarka mai murfi ka kai inda ake karɓar man da aka juye, kada ya shiga ƙasa ko magudanar ruwa. Ka rubuta kilomitar da ranar a cikin littafin motar. Idan bayan juye na biyu jinkirin safe ya tsaya a inda yake bai ƙaru ba, robobin ciki ne suka manyanta, sai ka riƙa ba ta rabin minti bayan ka tayar da ita kafin ka sa giya. Idan kuwa ya fara ƙaruwa, ko ka ji inji yana ɗaga murya tsakanin giya da giya, ka dawo ka faɗa mana a wace giya ce, da sanyi ne ko da zafi.